Allon Mai Aski

Ranar Talatar farko ta watan Yuli mai aski ya fara haɗuwa da Baba Fenti, a ƙofar sabon shagonsa, ana cikin kafa madubi. Telan da ke maƙwabtaka da shi ne ya haɗa su, ya ce duk allunan shagunan layin hannun tsohon ne. Mutum ne siriri, marar yawan magana, burushi soke a aljihun gaba, farcensa kullum da shuɗi.

Mai aski ya nuna masa hotuna a waya, samari fes-fes, kowa da salon askinsa.

"Irin waɗannan nake so, Baba. 'Yan gayu. Duk wanda ya gani ya ji kansa na ƙaiƙayi."

Tsohon ya daɗe yana duban wayar, sannan ya ce, "To."

Da ya kawo allon, askin ya fita daidai, ko gashi ɗaya bai kauce ba. Sai dai fuskar farko ta mai facin tayan layin ce, har da karyayyen haƙorinsa. Ta biyu ta mai gadin kantin magani, ido ɗaya a lumshe kamar yadda aka san shi. Ta uku kuwa tela ne da kansa.

"Baba, mene ne wannan?"

"Askin da ka ce."

"Askin na gani. Wa ya ce ka sa mini mai faci? Mutumin da rabon kansa da almakashi tun kafin a haife ni?"

"Kai yaro, iya bakinka," in ji mai faci daga tsallaken titi. Ya zo ya leƙa, ya washe baki. "Wallahi ban taɓa yin kyau haka ba!"

Tela ya ce shi dai hancinsa bai kai haka ba. Jama'a suka taru suna ta dariya, suna nuna juna, amma ba wanda ya shiga aski. Mai aski ya tsaya da tsumma a hannu, ya rasa gane ko talla aka yi masa ko ba'a. Abin haushin, shi ma idonsa ya ƙi barin allon. Ya dai daure ya wanko hoton saurayi ɗaya a takarda, ya miƙa wa tsohon, ya ce a sake.

Baba Fenti ya dawo da sabon allo a juye, yana sosa ƙeya.

"Na zauna da hoton nan, ɗana. Na yi hancin, na yi bakin. Amma ban san shi ba. Ban san yadda yake dariya ba, ban san abin da ke damunsa ba. Ina ɗaga kai sai na ga ƙanen matata ne ya fito."

"To sanin nasa na mene ne? Aure za ka ba shi?"

"Ni ma ban sani ba."

"Ba ka iya ba ne, ko ba ka so?"

Tsohon ya juyo da allon, ya jingine shi da bango.

Mai aski ya sassauta murya. "Baba, masu buga hoto da inji suna nan a bakin kasuwa. Idan na je can, sauran shagunan ma bi za su yi. Ka gyara mana."

"Na san za su bi," in ji shi. Ya duba fuskar ƙanen matar tasa a allon, ya ɗaga burushi, ya sauke. "Idan na goge shi, abin da zai rage ba mutum ba ne."

Mai aski ya tafi wurin masu inji. Kafin shekara ta zagayo, sauran shagunan sun bi, har da tela. Ba a ƙara ba Baba Fenti aikin allo a layin ba. Yanzu yana fentin ɗakuna a sababbin gine-gine. Magina sun ce yakan fara zana fuskokinsu a jikin bango, ya bar su su gani, sannan ya shafe da farin fenti.