Kwalbar da Ban Kai Masa Ba

Maƙwabciyata ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa, don ban taɓa riƙe alƙalami ba.

Shekara uku kafin rasuwar maigidana Malam, mun je mustausaf, ƙaramin asibitin unguwarmu ta Tandabawi kusa da Harami, karɓar maganin hawan jini. Likitar, wata 'yar Sudan, ta miƙa wa kowannenmu ƙaramar kwalba cikin ambulan, ta yi bayani da Larabci mai sauri. Ni Larabcina na cefane ne, Malam ne ya gane. A hanya na tambaye shi, ya ce abin tsofaffi ne. Sai da muka shiga ɗaki ya faɗa mini, idonsa na kan bango: bayan gida suke so a ɗiba kaɗan a kai musu, da shi suke gano ciwon dajin hanji tun bai kama mutum ba. Na yi dariya, na jefa tawa cikin akwati.

Shi ya ɗauki maganar da gaske. Sana'arsa tura tsofaffi a keken guragu wajen ɗawafi, kuma yana fita ne tun ba a buɗe mustausaf ba, ya dawo an rufe. Wata safiya ya shirya kwalbarsa, ya naɗe ta a leda, ya sa a aljihu. Ya kai bakin ƙofa ya tsaya. Ya ce ba zai iya shiga Harami da najasa a jikinsa ba, ya wuni yana kewaya Ka'aba da ita. Sannan ya ce, "Ko za ki biya ta can, Hajiya?"

Na ci gaba da wanke kofunan shayi. Shekara arba'in ko sunansa ban taɓa faɗa ba, ta yaya zan ratsa layi da wannan abu a hannu, in miƙa wa baƙuwa in ce na mijina ne? Ya ɗan jira, ya koma banɗaki, ya fito hannu wofi ya tafi. Bai sake tayar da zancen ba.

Da ciwon ya bayyana, ya riga ya ci jiki. A babban asibiti likita ya tambaya ko an taɓa yi masa wancan gwajin. Malam ya ce mantawa ya yi. Bai ko dubi inda nake ba. Wata huɗu ina ɗaukar tasar bayan gida daga ƙarƙashinsa, ina wankewa, ina mayarwa, kuma ban ji kunyar komai ba. Har yau in na tuna wannan sai kuka ya zo mini.

Maza suka ɗauke shi daga Harami zuwa maƙabarta. Ban san inda kabarinsa yake ba. 'Ya'yanmu suna Jidda, jikoki in sun kira da Larabci suke gaishe ni. Ɗakin ya yi mini yawa.

Da na gama takaba na fito da tawa kwalbar. Likitar ta ce ta lalace, ta ba ni sabuwa. Washegari na kai, a ƙarƙashin abaya. Tafiyar ba ta kai a dafa shayi a sha ba. Babu wanda ya kalle ni. Sakamako ya fito lafiya, na dawo babu wanda zan gaya wa.

Kwanan baya wata 'yar Chadi mai sayar da turare a ƙasan gidanmu take ba ni labari tana dariya, wai an ba maigidanta irin kwalbar, shi ma a Harami yake aiki, wai ita ba ta haukace ba da za ta ɗauka.

Na ce, "Ki ƙulle a leda ki kawo mini, ni zan kai. Ba sai ya san ni na kai ba."

Ta ce, "Kai, Inna, ke ma dai."

Yau kwana tara ke nan. Kullum da safe nakan sa abaya, in bar ƙofa a buɗe, in zauna inda zan ji tafiyar mai hawowa bene.