Ranar da Sabuwar Jaka Ta Wuce da Chindo

Chindo taubashina ne, ɗan gwaggona, don haka duk abin da na faɗa a kansa babu mai kai ni ƙara. Tun yana saurayi yake aikin amalanke tsakanin Bazaga da Birnin Konni. Ranar Laraba ya kai wake da hatsi kasuwa, ya dawo da gishiri ko kwanon rufin wanda ya yi sabon gini. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma ban taɓa ganin mayen labari irinsa ba. In ka fara ba shi labari yana cin tuwo, sai miya ta bushe a hannunsa.

Bara ya sayi ɗan rediyo mai cin kati. Masu caji a tashar Konni suka zuba masa karatun wani littafi, na farko da wata malamar lakwal ta rubuta. Labarin wani dillalin albasa ne da ya fita sallar asuba bai dawo ba, da wata jandarma mai taurin kai da ta ƙi sakin binciken. Chindo ya kamu, kamu na gaske. Ya ishe mu a majalisa, yau ya ce ƙanen dillalin ne ya yi aika-aikar, gobe ya rantse direba ne. Wurin da uwar mutumin take kuka ma sai ya maimaita, wai nan ne daɗin yake.

Masu amalanke suna da wata ɗabi'a. In an sauke kaya an juyo gida, sai mutum ya miƙe a kan katako ya rufe fuska, jaki ya san hanya. Shekara da shekaru haka Chindo yake yi. To, tsohon jakinsa ya gaza, ranar wata Laraba ya sayi jaka a kasuwa ya ɗaura mata amalanke. Ya kwanta, ya ja rawani ya rufe ido, ya ɗora rediyo a kunne, yana jiran a gano dillalin albasa. Wayarsa ma ya manta da ita wurin caji.

Magariba ta yi, babu Chindo. Matarsa Hawa'u ta aiko a kira ni. Na buga wayarsa, a kashe. Shekarar nan kuwa kowa ya san abin da ake yi wa matafiya a hanyoyin bakin iyaka, ba a ma son faɗa da baki. Na ce mata ƙila taya ce ta fashe, amma ni kaina ban yarda da maganata ba. Tsoro na ji.

Da gari ya waye na tarar da ita ta kwance awakinta ta haɗa su a igiya ɗaya.

"Ina za ki da su?" na tambaye ta.

"In masu satar mutane sunka kira, mi za mu ba su?" ta ce. "Ka ɗauke ni bisa moto, Hayatu. Ba ni iya zama."

Muka kama hanyar Konni muna tambaya. A mararrabar da ake ratsewa zuwa garinmu muka sami Larai mai ƙosai. Ta ce jiya da la'asar sakaliya ta ga amalanke ya wuce, ya miƙe hanyar Alela, da mutum kwance a kai an rufe masa fuska, ko motsi ba ya yi. Hawa'u ta yi salati, ta dafa kafaɗata. Ni kuwa na riga na fara shirya abin da zan faɗa wa jandarmomi.

Muka bi sawun taya cikin yashi, ƙauye bayan ƙauye, har ya kai mu ƙofar wani gida a wani ɗan gari na ƙasar Alela. Ga amalanken nan a jingine. Ga jaka a gindin bishiyar bedi, wani ɗan jaki yana gogar wuyanta. Ga kuma maza sun yi da'ira a kan tabarma, sun yi tsit, a tsakiyarsu taubashina ne riƙe da kofin shayi, rediyo yana ta zuba.

Ashe jakar gidan tsohon maigidanta Muttaƙa ta koma, wurin ɗanta da aka raba su. Chindo bai ɗaga rawani ba sai da ya ji ta tsaya tana kuka. Rana ta riga ta faɗi, Muttaƙa ya hana shi kama hanya, garin kuma babu rezo, waya ba ta shiga. Da safe ya tashi tafiya, sai mutanen da ya kunna wa labarin suka riƙe shi, wai sai an ji ƙarshe.

Da ya hango ni ya ɗaga hannu, baki har kunne.

"Hayatu! An gane shi! Yana da rai! Ashe ba direban ba ne, ka san wa..."

"Kai dai anka gane, sakarai!" na ce. Na so in zage shi tas, dariya ta ƙwace mini, hawaye na biye da ita.

Sai a lokacin ya ga Hawa'u a bayana, mayafinta duk ƙura, idanunta sun kumbura. Ya miƙa hannu ya kashe rediyon, mutanen tabarma suna gunaguni.

"Ke ma kin taho?" ya ce a hankali.

Hawa'u mace ce mai kunya, tun aurensu ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ko tafiya za su yi tana can baya. Ranar nan ta ratsa tsakiyar maza baƙi, ta kama hannun rigarsa ta damƙe. Muttaƙa ya kawar da kai, ni ma na shiga duba tayar moto. Aka ɗaura jaka, Chindo ya zauna ya riƙe linzami, ita tana gefensa. Ina biye da su a hankali har Bazaga, kuma duk tsawon hanyar nan ba ta saki rigar ba.