Ranar da Mang Santoy Ya Sauke Kwando

A layin masunta na garin Navotas babu wanda bai san Mang Santoy ba. Da rana direban keke mai ƙafa uku ne, da yamma kuwa gwanin ƙwallon kwando, da silifas ɗinsa. Gajere ne, amma in ya zille maka sai ka ji kunya. Shi ya kafa kwandon layin shekara talatin da suka wuce, da katakon tsohon jirgin ruwa. Sau huɗu guguwa na kayar da shi, sau huɗu yana tayarwa, tun bai gyara rufin ɗakinsa ba. Samarin da ya raba da zaman banza kuwa ba su ƙirguwa.

Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi: tsayin kwando, ƙafa goma cif. Duk wanda ya yi ƙorafi sai ya ce, "Je ka ci shinkafa ka ƙara tsawo!"

Sai ga Berting, abokin wasansa tun ƙuruciya, ɓarin jikinsa ya shanye. Wata biyar bai leƙo waje ba. Matarsa Aling Luming ta tare Santoy da hawaye, ta ce mutumin ya daina cin abinci, wai me ya rage masa.

Santoy ya turo shi filin ƙwallo a keken guragu, yana ta masifa. Ya ɗora masa ƙwallo a cinya.

"Jefa, malalaci."

Berting ya jefa da hagu. Ƙwallo ko kusa da kwando ba ta je ba.

"Mai da ni gida," in ji Berting. Wallahi ranar Santoy ya ji kamar ya yi kuka.

Washegari da sassafe aka ji ƙarar zarto. Samari suka fito suka tarar Santoy ya datse sandar, kwando ya sauko daidai goshinsu.

"Mang Santoy, ina ƙafa goman?"

"Ku rufe min baki, ku riƙe nan."

Da yamma aka sake turo Berting. A jifa na uku ƙwallo ta faɗa kwando. Ya daɗe yana kallon kwandon.

"Abokina, abin nan ya gajarce."

"Kai ne ka ƙara tsawo. Sake jefawa."

Kafin rana ta faɗi, Aling Luming ta leƙo ta taga tana kiran Santoy. Wai Berting ya cinye abinci kwano guda, yana neman ƙari.