Sallama ta Uku a Ƙofar Laburare

Ƙarfe uku da kwata agogon bangon laburarenmu ya nuna lokacin da na ji muryar Baba.

"Salamu alaikum."

Ban ɗago ba, amma na san shi ne. Haka yake jan sallama idan ya tsaya a ƙofar zauren mutane a Maruta. Sai dai nan ɗakin karatu ne na kwalejinmu a Birnin Kudu, jarrabawa ta matso, kujeru sun cika, ba ka jin komai sai kukan fanka. A nan ko tari ka yi sai an harare ka. Hajiya, mai kula da wurin, ta taɓa korar wani saurayi don wayarsa ta yi ƙara, bai sake shigowa ba sai wani zangon.

Babu wanda ya amsa. Wasu suka ɗago, suka dube shi, suka mayar da kai kan takarda.

Na san abin da ya kawo shi. Tun hutun da ya wuce Baffa, yayan Baba, yake cewa makarantar nan ba ta koya wa yara komai sai raina manya. An kuma kai musu labari cewa ba na komawa ɗaki sai magariba. Inna ta gaya min a waya cewa Baba zai zo ya gani da idonsa, in bai gamsu ba, tare za mu koma gida. Ba ta ce yaushe ba.

Na leƙa ta tsakanin kantocin littattafai. Yana tsaye a bakin ƙofa da malafarsa a hannu, ya cire takalma ya jera su gefe.

"Salamu alaikum!"

Wannan karon da ƙarfi. Wata a teburin gaba ta toshe baki tana dariya. Hajiya tana can ƙurya tana taya wani nemo abu a kwamfuta. Ta juyo, fuska a murtuke, tana neman mai hayaniya.

Baba ba ya wuce sallama uku. Haka ya koya mana: in ka yi uku ba a amsa ba, ka juya. Kuma in ya juya yau, da ni zai juya, Baffa ya yi gaskiya ke nan. Ni kuwa ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba. Ga shi ni ce 'yar fari, a gidanmu ba ya kiran sunana, ni ma ba na ɗaga murya inda yake. In kuma na amsa Hajiya ta kore ni, da me zan yi jarrabawa? Littafi ko ɗaya ba ni da shi na kaina.

"Salamu alaikum."

Ta ukun a hankali ya yi ta. Ya ɗan jira, sannan ya sunkuya wajen takalmansa.

Kujerata ta yi ƙara a kan siminti.

"Wa alaikumus salam! Sannu da zuwa, Baba!"

Muryar ta fito a tsage, kamar ba tawa ba. Duk ɗakin ya juyo. Can sai na ji amsa tana tashi ƙasa-ƙasa daga tebur zuwa tebur. Baba ya miƙe da takalmi ɗaya a hannu. Bai dube ni ba.

Hajiya ta iso. Ta dube ni, ta dubi ƙafafunsa, sai ta rusuna.

"Baba, sannu da hanya. Ka yi haƙuri, ni na hana su magana."

"Har amsa sallama?"

"Wannan kam ban hana ba. Tsorona ne ya yi musu yawa. Sa takalminka mana, ai ba masallaci ba ne."

"Inda aka ajiye ilimi ba na takawa da takalmi," in ji shi.

Akwai wani ɗaki a gefe da ake buɗe wa mutanen gari bayan la'asar. Tsofaffin malamai kan zo karanta jarida, manoma su zo tambaya, mata masu sana'a a nuna musu yadda ake amfani da kwamfuta. A nan nake kaiwa magariba, ina karanta wa waɗanda ba su yi boko ba. Hajiya ta buɗe shi tun lokaci bai yi ba, ta zaunar da Baba, ta juyo gare ni.

"Ke kuma mai muryar ladan, zauna ki yi aikinki. Zan dawo kanki."

Na ɗauko masa wani ƙaramin littafi mai boko da ajami, kan yadda ake adana wake ba tare da magani ba. Bara ƙwari sun cinye mana rabin rumbu. Ya bi layin ajamin da yatsa, yana motsa baki. Har aka yi la'asar aka dawo, ya sake komawa kan littafin. Mutane suka fara shigowa, kowa da sallamarsa. Wani dattijo ya miƙo min kwalin maganin hawan jininsa.

"'Yata, duba min, sau nawa suka ce?"

Na karanta masa. Baba bai ɗago ba, amma yatsansa ya tsaya.

Da zai tafi, Hajiya ta ara masa littafin da katina na laburare. Ni kuma ta raɗa min, "Gobe ki zo, amma ki bar muryar nan a ɗaki."

Na bi shi a baya har bakin titi, inda 'yan acaɓa ke jiran masu zuwa tashar Gwaram. Ya kira ɗaya, ya hau, ya gyara malafarsa. Har yanzu ban san matsayina ba. Na durƙusa, idona a ƙasa.

"Baba, in ɗauko jakata?"

Ya daɗe yana shafa aljihun da littafin yake.

"Hajiya ta ce in na gama a dawo mata da abinta," in ji shi. "In na tafi da ke, wa zai amsa min sallama ranar da na kawo?"