Allon da Ke Mutuwa Ranar Makoki

Ni ba injiniya ba ne, ko da yake haka Baba Ladan ke kirana in yana son ya ɓata mini rai. A aji uku na sakandare karatuna ya tsaya, kuma ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba. Waɗanda nake yi wa lissafi a lokacin su ne yanzu ke wucewa ta gaban shagona da gilashin mota a rufe. Da gyaran rediyo na fara, na koma waya, daga baya na kutsa cikin na'urori da guntun Turancina da taurin kai.

Allon masallacin unguwarmu, nan cikin birni, ni na haɗa shi. Ƙananan fitilu ne jajaye da ke nuna lokutan sallah, a ƙasa kuma sanarwa tana tafiya. A bayansa na ɗaure wata 'yar kwamfuta da na ciro daga tsohon akwatin talabijin, in lokaci ya shiga sai ta yi ƙara. Don ƙarar nan na yi aikin. Baba Ladan ƙanen kakana ne, tun kafin a yaye ni yake kiran sallah a masallacin, kuma da inuwar katanga yake gane azahar da la'asar. Da yanar ido ta rufe masa gani, inuwar ta ɓace masa. Waya kuwa ya ƙi riƙewa, ya ce ba zai ajiye abin da ke kuka a aljihunsa ba. To sai ya zauna a baranda da carbinsa, in ya ji ƙarar ya miƙe.

An daɗe ana tafiya lafiya, sannan allon ya fara mutuwa. Fitilun su tsaya cik, ƙara ba ta zo ba, Baba na zaune yana jira. Za ka ce ai yana jin kiran sauran masallatai. Yana ji. Amma mutumin da duk rayuwarsa shi ake bi, yanzu sai wasu sun kai tsakiyar kira sannan ya fara lalube yana neman lasifika. 'Yan kwamitin masallaci suka fara cewa a hutar da shi, tsufa ya zo, ga masu murya nan suna jira. Babu wanda ya ce a hutar da allon, domin allon yana musu kyau a ido.

Matan unguwa ne suka fara lura cewa ba ya mutuwa sai an yi rasuwa. Har aka soma cewa allon ma zaman makoki yake yi. Na ce shirme ne, na ci gaba da zargin batir da zafin rana. Na sauke shi na kai shago, ya yi ta aiki kamar ba shi ba. Na canza batir, na sa masa fanka, na mayar. Da aka sake rasuwa ya sake mutuwa.

Baba ya ce, "Injiniya, in ni kake so ka kora, ka fito fili. Ba sai ka haɗa baki da akwati ba."

"Baba, da ina son korarka, takalminka zan ɓoye, ya fi sauƙi."

Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.

A cikin kwamfutar akwai abin da ake kira kanel, shi ne maigidan da ke raba wa kowa aiki. Yana da wani ɗan wuri matsattse a ƙwaƙwalwarsa, sitak, kamar dakalin ƙofar masallaci inda ake jera takalma. Kowane aiki in zai shiga wani, sai ya ajiye kayansa a nan, har da adireshin inda zai koma. In wani ya zo da kayan da suka fi wurinsa, sai ya ture na maƙwabcinsa. Mai takalmi ya fito ya zura ƙafa a abin da ba nasa ba, ya kife. Wanda ya kife kowa ke gani, wanda ya yi turin ya daɗe da tafiya.

Da na jona allon da kwamfutata na karanta abin da kanel ke faɗi kafin ya mutu, kullum a sashen agogo yake faɗuwa. Na bi sashen nan layi-layi har idona ya yi ja, ban ga laifinsa ba. Sai na tuna kakarmu, da take barbaɗa toka a bakin rumbu don ta ga sawun ɓera. Na yi haka. A bayan kowane wurin ajiya da ke kan sitak na sa wata alama da na sani, na kuma sa kanel ya riƙa dubawa, in ya ga an taka ta ya faɗa mini nan take, ya nuna abin da ya hau kanta.

Sai wani dattijo mai sayar da hatsi ya rasu. Bayan an dawo daga maƙabarta na shimfiɗa tabarma a gindin allon da kwamfutata a cinya. Masu zuwa gaisuwa suna wucewa suna harararta, wani ma ya ce ko fim nake kallo. Sakataren kwamiti ya turo sanarwar rasuwar zuwa allon daga wayarsa kamar yadda ya saba. Ba a jima ba alamata ta yi magana. An taka ta, kuma ba a sashen agogo ba, a sashen da ke tura rubutu zuwa fitilu. Na juya lambobin da suka hau kanta zuwa haruffa, sai ga shi na karanta: "da jikoki."

Na daɗe ina kallon kalmomin nan, sai dariya ta kama ni a wurin da bai kamata ba, na toshe baki da hula. Sashen rubutun ba ni na rubuta shi ba, a intanet na samo. Ko wane ne ya rubuta, ga alama mutumin wata ƙasa ne da ke tunanin sanarwa ba ta wuce "barka da zuwa" ba. Ya ware mata haruffa ɗari da 'yan kai a kan sitak, bai ko sa a auna tsawonta ba. Tsohon sakatare gajere yake rubutawa. Wannan sabon kuwa sai ya kawo mamaci da mahaifinsa da gidansu, matan da ya bari, 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya da muƙamansu, surukai, sannan jikoki. Jikokin ne ke zubowa kan kayan agogo.

Na same shi na ce, "Malam Sakatare, ka riƙa rage sunaye."

Ya cire tabarau ya dube ni. "To wa zan cire? Kai za ka je gidan ka gaya wa ɗan autan cewa babu wuri?"

Gaskiyarsa ce, ban so na yarda ba amma na yarda. Na koma na ɗauke rubutun daga kan sitak gaba ɗaya, na ba shi fili mai faɗi a wani ɓangare, na sa a riƙa aunawa kafin a zuba. Aikin bai kai tsawon shan shayi ba, bayan makonnin da na ɓata.

Saura gwaji. Kwamiti ya ce in Baba ya sake makara an gama magana, ni kuma ba zan zauna ina jiran wani ya mutu ba. Na gaya wa Baba ina bukatar sanarwa mai tsawon gaske. Muna baranda, la'asar ta kusa.

Ya gyara zama ya ce, "Rubuta tawa."

"Haba Baba, wace irin magana ce wannan?"

"Rubuta, matsoraci. Dole a rubuta ta wata rana, gara in ji da kunnena kada a yi mini coge."

Na juya allon ya fuskanci bango don kada wani ya karanta ya fasa ihu. Baba ya fara lissafi. Ya kawo matansa, masu rai da waɗanda suka riga shi, ya kawo 'ya'ya, ya kawo danginsa na unguwar Gyallesu da na Kufena, ya koma baya ya gyara sunan wata jika da na rubuta ba daidai ba. Yatsuna suka gaji bai gaji ba.

Na ce, "Ni fa?"

"Kai a ƙarshe. Ka sa, 'da wani injiniya mara takarda.'"

Na sa, na tura. Rubutun ya yi ta tafiya a jikin bango, ja, sai ka ce ba zai ƙare ba. Ya zagayo, ya sake zagayowa. Ni ina kallon kwamfuta, shi ya karkata kunne. Sai ƙarar ta zo, daidai kan lokaci, duk unguwa shiru.

Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya ce in goge shirmen nan kafin sakatare ya iso. Ina gogewa na ji ya hura lasifika ya ɗaga murya. Ya kai shahada ta biyu kafin na ji wani masallaci ya ɗauka.