Takin da Yayana Ya Zuba a Gonar Wani

Ba zan faɗi sunana ba. Mutanen garinmu, can ƙasar Dogo-Dogo, sun san ni, wanda bai san ni ba kuma sunan ba zai ƙare shi da komai ba. Saboda ku samari nake wannan rubutu, musamman ku da kuka ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, waɗanda in saƙo ya shigo waya ku ake kira ku karanta wa mutanen gida.

Mu biyu maza mahaifinmu ya bari, ni da yayana Habu. Gona ɗaya ya bar mana, ba mu raba ta ba. Yaya ke noma ta, gero da wake. Ni kuwa da na bar karatu sai na tafi Magariya na kafa rumfar sharjin waya a bakin kasuwa, da faifan hasken rana da batir. Ina sayar da kiredin kiran waya, ina zuba wa mutane wa'azi da waƙoƙi a kati. Mutum zai bar mini wayarsa tun safe ya tafi cin kasuwa, bai taɓa tunanin wani abu ba. Duk kaka Yaya kan aiko mini da rabona na gero, alhali ko sau ɗaya ban riƙe hauya ba.

Wani ɗan kasuwa mai yawan shiga Najeriya ne ya fara nuna mini kuɗin kirifto. Wata kwandala ce ta intanet, ba a riƙe ta a hannu. Bayaninta shi ne, kamfanoni na buƙatar wurin ajiye bayanansu da na'urorin da za su yi musu lissafi. Maimakon a gina ƙaton gida guda a cika shi da na'urori, sai a yi hayar na mutane da ke zaune ba aiki a ƙasashe dabam-dabam, a biya masu su da wannan kwandala. In masu haya suka yi yawa, sai ta yi tsada. Na sayi kaɗan da ribar rumfata. Ta tashi. Na sayar, na sayi moto, wato babur.

Moton nan shi ya yi mini talla. Aka shiga tambayata. Na kuma sami hanyar bayani da kowa ke ganewa. Nakan ce, ka ɗauka gari guda kowa na da rumbun da ba komai a ciki, sai ga baƙo da hatsi yana neman wurin ajiya, yana biyan haya. Manomi in ya ji haka sai ya gyaɗa kai. Ba su san yadda ake saye ba, don haka suka riƙa ba ni kuɗinsu in saya musu a wayata, in tura musu hoton abin da suka mallaka. Har suna suka sa mini, mai rumbun sama.

Da farko ina saye da gaske. Sai wani mako farashin ya faɗi ƙwarai. Wani tela da ya ba ni kuɗin da yake tarawa don sabon keke ya zo duba nasa. Na ji nauyin faɗa masa. Na nuna masa hoton makon da ya wuce. Ya yi murna, ya sa mini albarka, ya tafi. Na ce a raina in ta farfaɗo shi ke nan, ba wanda ya cutu. Ba ta farfaɗo da wuri ba. Na koyi sauya lambobi a jikin hoto. Daga baya na ga ma ba amfanin sayen, tunda hoto kawai suke kallo. Wanda ya nemi riba sai in ba shi daga kuɗin wanda ya kawo jiya, sauran in ci.

Ina so ku fahimci wannan da kyau. Kwandalar tana nan a kasuwarta, tana hawa tana sauka, wasu na ci, wasu na faɗuwa. Ba ita ta ɗauki kuɗin mutanen nan ba. Ni na ɗauka.

Bayan girbi Yaya ya zo Magariya ran kasuwa. Ya zauna a bencina, ya dubi moton, ya dubi shaddar jikina.

Ya ce, "Kai ɗan lakwal, ashe rabon arziki kake yi a nan, ɗan'uwanka na can yana fama da jaki?"

Na ce, "Yaya, abin nan ba naka ba ne."

"To na wa ne? Na masu rufaffen takalmi?"

Ya yi dariya, ya ce shi shanun huɗa yake so da amalanke, ya gaji da ganin na mutane. Kuɗi ba shi da su, amma muna da gona. A lokacin wani mai fataucin dabbobi da ya ba ni kuɗi ya matsa mini lamba, kullum yana bakin rumfata yana neman dukiyarsa gaba ɗaya. Na san abin da ya kamata in ce wa Yaya. Amma sai na ce, "In dai kafin ruwa ne, ba matsala."

Ga wanda bai san jingina ba, mai kuɗi ne zai ba ka, ya riƙe gonarka yana nomawa har ranar da ka mayar masa. In kuwa ya riga ya shuka, ko ka kawo kuɗin sai bayan girbi. Wani Alhaji mai sayen gyaɗa ya yarda. Tunda gonar ta gado ce ba a raba ba, dole sai da ni. Muka durƙusa gaban mai gari, ga liman, ga shaidu.

Mai gari ya ce, "Habu, rashin lafiya ne ko biki?"

Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, sana'a ce. Yaron nan ya san kanta."

Mai gari ya juyo wurina. "Kai ma ka yarda? Gonar ubanku ce fa."

Na ce, "Na yarda, ranka ya daɗe. Kafin ruwan shuka za mu fanshe ta."

Aka shafa fatiha. A makon nan na miƙa kuɗin ga mai fataucin dabbobi. Ko kwandala ɗaya ban saya wa Yaya ba. Na haɗa masa hoto na tura wayar maƙwabcinsa.

Da rani ya yi nisa na je gida sunan ɗan da aka haifa wa Yaya. Washegari na tambayi inda yake, aka ce yana gona. Na yi mamaki, me zai yi a gonar da ke hannun wani? Na bi shi. Na tarar gonar cike da tsibin taki, jere-jere, tun daga bakin hanya har gindin gawo. Ashe tun bayan jinginar yake kai taki da jakinsa, safe da yamma, kamar yadda ya saba kowace shekara. Har gero ya auna wa wani Bafulatani don shanunsa su kwana a ciki. A wurinsa gonar ba ta tafi ko'ina ba, tunda ƙanensa ya ce kafin ruwa.

Muna tsaye Alhaji ya wuce a moto, ya rage gudu, ya ɗaga murya.

"Habu, sannu da yi mini aiki!"

Yaya ya ce, "Alhaji, ka dai more kallo. Bana ko karan gonar nan ba ka tsinta!"

Suka yi dariya su biyu. Muka koma gida ɗebo wani takin. Yaya ya ce, "Riƙe mini bakin mangalar nan, in shaddarka za ta yarda." Na riƙe, yana zubawa. Da ta cika ya goge hannu a riga ya ce in nuna masa abin nasa. Na buɗe hoton. Bai iya karanta lamba ba. Ya sa yatsa a kan wata koriyar kibiya mai kallon sama.

"Koren nan shi ne namu?"

Na ce, "Shi ne."

Ya ce, "Allah ya yi maka albarka," ya kora jakinsa.

Daga baya an sa mini ankwa a tsakiyar kasuwa, an karanta laifina gaban jama'a, amma in na kwanta ba su nake tunawa ba. Bakin mangalar nan nake tunawa a hannuna.

Wani mushen lakwal, wato malamin makaranta, shi ne ya kawo ƙarshen abin. Shi ma ya ba ni kuɗi. Ya buɗe nasa asusun a wayarsa, ya ce in tura masa kwandalolinsa can. Na ce rezo ba kyau, saƙo ba ya tafiya. Ya dawo, na ce kamfani na gyara. Zuwa na uku da jandarmomi ya zo. Aka buɗe wayata, ba komai a ciki sai hotuna. Alƙali ya yanke mini hukunci, aka sayar da moto da kayan rumfa, ba su kai ko'ina ba a haƙƙin mutane.

Ina gidan kaso aka yi ruwan shuka. Fursunoni suna ta murnar sanyi, ni kuwa na san a ranar ma'aikatan Alhaji suna cikin gonarmu da sungumi.

Sau ɗaya Yaya ya zo. Ya rame. Ya ajiye ƙullin ƙuli-ƙuli da garin rogo a gabana.

Ya ce, "Ba maganar kuɗi ta kawo ni ba. Abu ɗaya zan tambaye ka. Ranar da ka riƙe mini mangala, ka sani?"

Na ce, "Na sani, Yaya."

Ya ce, "To." Ya tashi ya tafi, ya bar mini ƙullin.

Daga baya na ji cewa geron da gonar ta yi a shekarar, duk yankin ba wanda ya kai shi. Alhaji ya cika rumbunansa. Gidanmu kuwa aron wata 'yar gonar fako suka yi, abin da ta ba su bai kai su rani ba. Matar Yaya ta sayar da tumakinta, shi kuma ya tafi ci-rani, mutumin da bai taɓa kwana a wani gari don neman abinci ba.

Da wa'adina ya cika aka sallame ni, damina ta riga ta kama. Na isa gida ina jiran zagi, ko a ce in koma inda na fito. Yaya kuwa sannu da zuwa kawai ya yi mini. Da safe ya jingina hauya a ƙofar ɗakin da na kwana, ya ce Alhaji na neman 'yan ƙwadago.

Wakilin Alhaji baƙo ne, mutumin Sassumbrum, bai san mu ba. Ya kai mu, ni da Yaya, bakin gonarmu ya shiga yi mana bayani. Ya ce daga wancan gawo zuwa layin gamba duk ta Alhaji ce, mu lura kada mu shiga ta maƙwabta, ta gabas akwai wani kwari da ruwa ke kwanciya. Gambar nan mahaifinmu ya dasa ta, Yaya na riƙe masa ƙwarya. Na kasa ɗaga kai. Yaya ya saurare shi har ya gama, ya ce, "Mun gane, malam." Ya tofa yawu a tafi ya sunkuya.

Na tuba ga Allah, na bi waɗanda na cuta gida-gida. Wasu sun yafe, wasu sun ce mu haɗu a lahira, kuma suna da gaskiya. Yaya bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba, ni ma ban iya tambayarsa ba.

Ku samari, ban ce muku duk abin da ke cikin waya ƙarya ba ne. Amma in za ku sa kuɗi a irin wannan kasuwa, ku sa naku, wanda in ya tafi ba wanda zai kwana da yunwa. Kada ku karɓi na wanda bai iya karanta abin da kuke nuna masa ba, don ba kwandala ya saya ba, ku ya yarda da ku. In kuma kun riga kun karɓa, abin ya faɗi, ku je ku faɗa masa a ranar. Ni da a ce na gaya wa tela gaskiya, da kunyar yini ɗaya zan ji.

Gonar tana hannun Alhaji har yanzu. Gobe za a fara maimai, Yaya ya ce mu fita da wuri kada a cike gurbinmu.