Ɗan Dako da Kujera Mai Laushi

Ana yayyafi ranar da 'ya'yan Baba Ɗan Dako suka kawo masa kujera mai laushi, suka ce ya gama wahala. Tun yana saurayi yake sauke buhuna daga manyan motoci a bakin kasuwa, bai taɓa kwanciya ciwo ba. Yanzu ko buta ya miƙa wa hannu, sai babbar 'yarsa ta zabura.

"Baba, ajiye! So kake unguwa ta zage mu?"

Ya ajiye, don shi ba mai musu ba ne. Kujera ta haɗiye shi, tumbi ya fito, ƙafafu suka rame. Wata safiya ya zame a bakin famfo, ƙashin ƙafa ya tsage. Aka ɗaure, aka kwance, amma ƙafar ta ƙi ɗaukarsa sai da sanda. Tsoronsa ɗaya, kada ya ƙare rayuwa a zaune.

Likita ta duba hoton ƙashin, ta ce, "Baba, a cikin ɓargo akwai ƙananan ƙwayoyin halitta da ba su zaɓi sana'a ba tukuna. In sun ji nauyi, sai su zama magina ƙashi. In sun ji hutu, sai su zama kitse."

"Ashe 'yan zaman kashe wando nake kiwo," in ji Baba.

"To, a ba su aiki. Tafiya tukuna, sannan ɗan kaya, kaɗan-kaɗan."

A gida aka tayar da rigima. Babban ɗansa ya rantse in aka ga ubansu da kaya a ka, shi ya daina fita. 'Yar ta ce likitar ai yarinya ce. Baba dai ya bi maganar likita. Ya dinga takawa a tsakar gida har ya jingine sandar. Ran nan ya naɗa gammo, ya cicciɓi kujerar, ya ɗora a ka.

"Wayyo, Baba! Me kake yi?" in ji 'yar.

"Kayan mutane kuka hana ni ɗauka, uwata. Wannan nawa ne, ku kuka ba ni."

Matarsa ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "A bar shi, amma a rufe ƙofa."

Yana nan har yanzu, ƙafa ta yi ƙwari. Kullum da safe yana zagaya tsakar gida da kujerar a ka, ƙofa a rufe saboda maƙwabta, sannan ya sauke ta ya zauna.